Gaisuwar da Ta Cinye Mini Keke

Jikokina ba su yarda na taɓa yin gudu ba. In suka ga yadda nake tashi daga tabarma, hannu ɗaya a ƙasa ɗaya a gwiwa, sai su kwashe da dariya. To, su yi ta yi. Ni dai na san akwai shekarar da duk Maraɗi ba mai ƙafata, zamanin Nasara, kuma ba don gaisuwa ba da ni na hau keken kumandan, Baturen mulkin garin.

A lokacin ina dako a kantin wani Bature mai sayen gyaɗa. Da rani buhu ne a kaina tun safe har la'asar, da damina kuwa ba aiki, sai zaman gindin tsamiya da surutu. Surutun na iya shi ƙwarai, kuma shi ya ja mini. Na yi aure a Tibiri, surukina manomi ne mai nauyin baki, irin mutumin da in ya faɗi kalma goma a wuni to ranar ya sha hira. Tun zuwana na farko gaishe shi ya yanke mini hukunci. Muna durƙushe a zaurensa akuya ta shigo ta ɗauke goron da muka kawo, ƙanin ubana ya bi ta da rarrafe, ni kuwa na yi dariya har da kwanciya. Kowa ya manta da akuyar, amma tsohon bai manta da dariyar ba. A wurinsa ni mai rawar kai ne, shi ke nan.

Da maiɗakina ta tashi haihuwar fari sai ta koma gidansu kamar yadda ake yi. Ta haifi mace, ta yi wankanta na kwana arba'in, na share ɗaki na zuba sabon yashi ina jira. Shiru. Na tura ƙanin ubana, aka ce masa ba ta yi ƙwari ba tukuna. Aka sake wata arba'in ɗin, na sake turawa, aka ce ana duba rana. Daga baya wata mai tallan daddawa ta kawo mini saƙon maiɗakina a ɓoye: Baba ya ce har yanzu bai ga alamar na natsu ba, ba zai damƙa jaririya a hannun mai rawar kai ba.

Yanzu na tsufa, ba na jin kunyar faɗa: na yi kewar matar nan har abinci ya daina yi mini daɗi. 'Yar tawa kuwa sau uku na gan ta, shi ma da wutsiyar ido.

Ana nan sai mai shela ya zaga gari. Ya ce ranar bikin Nasara na tsakiyar damina za a yi tseren ƙafa, daga bariki zuwa Tibiri a dawo, wanda ya zo na farko kumandan zai ba shi keke sabo fil. A Maraɗin wancan lokaci masu keke ba su wuce tafinta da manyan ma'aikata ba. Nan take na yi lissafina: mutumin da ya zo ƙofar gidan surukinsa a kan keke, ya buga ƙararrawa sau ɗaya, ya sauko a hankali, ba mai ce masa mai rawar kai. Abin da ban tsaya na duba ba shi ne, a wurinmu magidanci ba ya gudu sai gobara, ko mahaukacin kare, ko gardi, wato ɗan sandan kumandan, ya biyo shi. Wato don in nuna na natsu, sai na zaɓi aikin da mahaukata kaɗai ke yi.

Maƙwabcina wani tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙin Nasara da lambar ƙarfe a ƙirji da faransancin zagi a baki. Sarjan muke ce masa. Da ya ji niyyata sai ya zagaya ni sau biyu, ya matsa ƙwaurina kamar mai tayin rago.

"Ƙahwa akwai," in ji shi. "Hankali ne babu. Kai ka san mi ake ce ma dusuma?"

Na ce ban sani ba.

"Sannu-sannu ke nan da bakin Nasara. Gudun nesa da dusuma ake cin shi. Duk wanda ya hita da ƙarhi, kahin rabin hanya ka iske shi kwance yana kiran uwatai."

Ya ce gobe mu fara. Na roƙe shi abu ɗaya, kada mu bi hanyar Tibiri, kada labari ya kai kunnen surukina. Sai muka zaɓi hanyar Jiratawa, wadda ta ba Tibiri baya.

Sarjan ba shi da agogo, jaki gare shi. Dokarsa ita ce a tafiya kada in kuskura in wuce jakin, a dawowa kada in bari jakin ya wuce ni. Da farko na raina wannan tsari, don jakin tsoho ne, a tafiya kamar ana jan sa da igiya. Ashe a dawowa, in ya tuna da dusar da ke jiransa a gida, wani dabba ne daban. Ranar farko ya wuce ni tun kafin mu hango gari, Sarjan na bisa yana rirriƙe da wuyansa yana zagina da faransanci. Sai da na yi sati biyu kafin na gane abin da tsohon yake nufi: numfashin da na adana a tafiya shi ke kawo ni gida.

Sai maganar abinci. Sarjan ya ce sojan Nasara ɗanyen ƙwai suke sha, ga shi damina ce, ƙwan zabi ko'ina. Kullum da safe sai ya fasa mini huɗu a ƙoƙo ya tsaya a kaina har in haɗiye. Innata kuwa ta ce wannan ƙazanta ce, ba abin da ke riƙe cikin namiji irin ɗanwake. Ban iya saɓa wa Sarjan ba, ban iya saɓa wa Inna ba, saboda haka nake shan ƙwan in bi shi da ɗanwaken. Abin da ya faru a hanyar Jiratawa cikin kwanakin nan ba zan rubuta shi duka ba. Akwai dai wata gonar dawa a hannun dama da ta yi kyau fiye da maƙwabtanta a shekarar, kuma mai ita bai san wa zai gode wa ba. Daga ƙarshe su biyun suka yi sulhu a kan fura mai ruwa-ruwa, a sha tun da sauran lokaci kafin a fita, tuwo kuwa sai an dawo.

Wata safiya muna dab da Jiratawa Sarjan ya ce yau zai gwada ƙarfina, in wuce jakin in zuba da gudu. Na zuba. Shi kuma ya biyo ni a baya da tsohuwar rigarsa ta soja da jar hula, yana kaɗa sanda yana ihun "Ale! Ale!", wato maza-maza. Ba mu yi tunanin yadda abin zai kasance a idon masu noma a bakin hanya ba. Mutanen nan ba su daɗe da hutawa da aikin tilas ba, sun san ma'anar mutum a guje da mai jar hula a bayansa.

Ina shan kwanar wani shinge sai ƙarti biyu suka cafke ni. Kafin in buɗe baki sun ɗaga ni sama sun zura ni cikin rumbu, suka mayar da murfi. Wata tsohuwa ta kawo bakinta jikin rumbun.

"Yi shiru, ɗana. Ba mai ba da kai garin ga."

"Inna, ba kora ta aka yi ba, gudu nike koyo!"

"Allah sarki," na ji ta ce wa na kusa da ita. "Tsoro ya taɓa mai kai."

Ina ji Sarjan ya iso yana tambaya. Gari guda suka rantse masa ba su ga kowa ba tun asuba, wani ma ya nuna masa hanyar Katsina. Yana ƙara faransanci suna ƙara rantsuwa. Na yi kira, tsohuwar ta hau daka a gindin rumbun don kada a ji ni. Sai azahar suka fito da ni, jikina duk ƙaiƙayi, suka ba ni fura da guzurin gyaɗa, suka ce in bi ta fadama kada in hau hanya. Mutanen kirki ne, har gobe ina yi musu addu'a.

Ranar tsere Sarjan ya kawo mini wandonsa na kaki da ya yanke a gwiwa, da takalmin zane. Ban taɓa fita da gwiwa a waje ba tun ina yaro. A bariki wani ma'aikaci ya maƙala wa kowa lamba a ƙirji. Mun yi yawa: 'yan dako irina, manyan 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, gardi biyu, da wani dogon Bafillace da ya kawo shanu kasuwa ya ji ana raba keke. Na riga na bincika, an tabbatar mini surukina kullum da hantsi yana gona, gonarsa kuwa nesa take da hanya. Hankalina kwance.

Gardi ya harba bindiga sama. Mutum uku suka juya suka nufi gida, ba a sake ganinsu ba. Sauran suka zuba kamar an buɗe wa awaki ƙofa, ni kuwa na kama takun jakin Sarjan a kaina, dusuma-dusuma, har na zama na ƙarshe. 'Yan kallo suka yi ta yi mini ihu, wata mai ƙosai ta ce in ba zan iya ba in zo in taya ta fifita wuta. Na haɗiye. Ba mu yi nisa da gari ba na fara tsintar su ɗaya-ɗaya, wannan ya dafe ciki, wancan ya rungumi itace. An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, ƙasa ta kwanta, iska mai sanyi na tasowa daga gulbi, gero ya kai gwiwa dama da hagu. Ban taɓa jin daɗin jikina irin na safiyar nan ba. Bafillacen ne ya ba ni wuya, shi ma na wuce shi da muka hango rumbunan Tibiri.

A bakin gari gardi na zaune da tawada, yana dangwala wa kowa a hannu don a san ya iso. Ni ya fara dangwala wa. Na juya ke nan, ina jin ƙararrawar keke a kunnena, sai idona ya faɗa gindin wani gawo a bakin hanya. Dattawa ne kusan goma a kan tabarmi. A tsakiyarsu ga surukina, da babbar rigarsa ta Juma'a da rawani, yana kallona.

Ban yi shawara da kowa ba, ƙafafuna ne suka tsaya da kansu. Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce me ya hana in ɗaga hannu in wuce. Ɗaga wa suruki hannu! Da tsirara gwiwa, a gaban abokansa, ni da ake cewa mai rawar kai? Na tuɓe takalmin Sarjan, na matso, na durƙusa, ina jan wandon ƙasa ko zai rufe gwiwa, wandon ya ƙi.

"Baba, ina kwana?"

"Lahiya lau."

"An tashi lahiya?"

"Lahiya lau. Madalla."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya. To, madalla."

Ina cikin tambayar ruwa, yana cewa ruwa sun yi gyara, na ji ƙafar Bafillacen ta wuce ta bayana. Na ɗan saci kallon tsohon. Jijiyar wuyansa ta tashi, babban yatsan ƙafarsa na bugun tabarma, idonsa ba a kaina yake ba, yana can kan hanya. Na ce a raina shi ke nan, fushi ne, ko kallona ba ya son yi. Sai na ƙudura in nuna masa natsuwar da bai taɓa gani ba. Na gaishe shi da aiki. Na tambayi mutanen gida. Na tambayi ƙafar ƙaninsa da ƙaya ta soka tun bara. Na tambayi gero, na tambayi dawa, na tambayi wake daban.

"To," yake cewa. "To, to. Madalla. To."

Duk "to" ɗin da ya yi sai in ɗauka ƙofa ce ya buɗe mini, in ƙara wata gaisuwar. Ni ba ni da ikon tashi sai ya sallame ni. Shi kuma, ban sani ba a lokacin, ba shi da ikon ce wa mijin 'yarsa ta fari tashi ka tafi a gaban jama'a, don zai zama kora. Da na gama da shi na juya kan dattawan, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da nasa ina kwana da nasa ina gajiya. 'Yan lakwal suka wuce. Gardi ɗaya ya wuce yana ɗingishi. Har wanda na bari rungume da itace ya zo ya wuce.

Can sai ga Sarjan a kan jaki, ya hango ni durƙushe, ya taho yana kaɗa sanda.

"Ale! Ale! Kai, wane irin..."

Sai ya ga rawuna. Ya sauko daga jakin, ya cire jar hularsa, ya zo ya durƙusa kusa da ni.

"Ina kwananku?" in ji Sarjan, hawaye na neman zubo masa.

Wani dattijo mai ƙarancin haƙuri ne ya cece mu. Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, ba tsere kake ba?"

Ga lamba a ƙirjina, ga tawada a hannu, ga gumi na ɗiga a tabarmar mutane. Na sunkuyar da kai na ce, "A'a, Baba, wucewa dai nike, na ce bari in gaishe ku."

Surukina ya rufe ido. Sannan ya ce, "A gaida gida."

Na tashi da takalmi a hannu, na ja da baya, na taka a hankali kamar mai zuwa ɗaurin aure har sai da wani shinge ya raba ni da idonsu. Daga nan na manta da dusuma. Na yi gudun da ban taɓa yi ba, na kamo mutum shida ko bakwai, amma ina shiga bariki na tarar Bafillacen tsaye riƙe da keke, kumandan na girgiza masa hannu. Bai iya hawa ba. Turawa ya yi har ya fita gari, sandarsa a ɗaure a sirdin. Ni gwangwanin kifi aka ba ni, na miƙa wa Sarjan, ya karɓa ya juya jakinsa.

Kwana uku ban fita ba. Cinyoyina sun ƙi lanƙwasuwa, amma ba su ne suka kwantar da ni ba. Na rasa keke, kuma surukina ya gan ni da gajeren wando ina gudu a hanya kamar wanda aljanu suka taɓa. Na sa a raina matata da 'yata sai dai in riƙa jin labarinsu a bakin mai daddawa. Na yi baƙin ciki ƙwarai, har Inna ta dafa ɗanwake na kasa ci.

Rana ta huɗu da hantsi na ji sallama. Na leƙo, sai ga maiɗakina a tsakar gida da goyo a baya, ga jaki da kayanta a ƙofa. Ta dube ni, ta dubi yadda nake takawa kamar agwagwa, ta toshe baki da gefen zane.

Sai da ta sha ruwa ta ba ni labari. Ashe Baba ya san komai tun ranar rumbu, don labarin ya riga ni isa kasuwar Tibiri. Kullum sai ya tambayi masu zuwa Maraɗi ko yaron nan ya fara wuce jakin. Ranar tsere shi ya bar gona, ya sa rigar Juma'a, ya bi abokansa gida-gida ya tara su a gindin gawo don su ga surukinsa ya wuce kowa.

"Da ka durƙusa," in ji ta, "ya ce ji ya yi kamar shi ɗauke ka shi jehwa bisa hanya. Ranar ko tuwo bai ci ba."

Na ce, "To mi ya sa ya bari ki dawo?"

"Jiya ya kira ni. Ya ce mutumin da ya bar keke don gaisuwa ba ya wulaƙanta ɗiyar mutane. Amma ya ce wawa ne, in zo in kula da shi kahin shi halaka."

Ta kwance goyon ta ɗora mini a cinya. Cinyar ta yi zafi kamar an ɗora garwashi, ban motsa ba. Ranar na fara kallon fuskar 'yata da ido biyu.

Ban sake shiga tsere ba, kuma ni da surukina ba mu taɓa tayar da zancen ba, shekara da shekaru. Ina zuwa in durƙusa, ya ce madalla, in tashi. Sau ɗaya kawai na ƙara bin hanyar nan a guje, bayan Nasara sun tafi, furfura ta fara fito mini. Da rana tsaka aka aiko cewa jikin Baba ya yi tsanani, yana nemana. Ba mota a tasha, ban tsaya neman aron keke ba, na naɗe riga na kama hanya. Ban damu da wanda ya ga magidanci yana gudu ba.

Na same shi kwance a ɗaki, ya rame, numfashinsa sama-sama. Na tuɓe takalmi, na durƙusa ina haki, na fara.

"Baba, ina wuni? Ina jiki? Ina..."

Ya buɗe ido, ya lalubo hannuna ya riƙe, abin da bai taɓa yi ba. Na ga gefen bakinsa ya motsa kamar mai ɓoye dariya.

"Ɗana," ya ce, "wanga karon ka taƙaita."